An Yi Baƙo a Ɗakin Fadimatu

Argungu,
Litinin, 4 ga Fabrairu, 2013

Ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Mujtaba da ƙanwarsa Nana Aisha, da maigidanki Sunusi can wurin aikinsa a Zuru. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini tsiya in na daɗe tsaye gaban allo. Na leƙa Augie makon jiya na gaida Goggo. Tana nan da ƙarfinta, tana ta faɗa da masu cire mata albasa. Cikin surukarta Fadimatu ya fara tsufa.

Na kira wayarki sau bakwai ba ki ɗauka ba, na kuma ga kin toshe ni a Fesbuk. Shi ya sa na koma wa biro da takarda, na roƙi Maigandi direba ya biya Badariya ya miƙa miki.

Rauda, wallahi ban san ke ce "Uwar Biyu" ba. Ranar Alhamis ina zaune a ɗakin malamai na buɗe Zauren Iyaye Mata na Fesbuk, na ga wata ta rubuta cewa allurar rigakafi ce ke jawo wa yara otizim, wai kada kowa ta sake kai ɗanta. Mata fiye da ɗari sun riga sun yaɗa. Kin san halina. Na hau rubuta amsa har shayina ya huce, a ƙarshe na ce mai wannan magana ta koma aji uku a koya mata kimiyya. Mata suka yi ta dariya a ƙasa, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ji daɗi. Sai bayan la'asar wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni ta ce, "Malama, kin kuwa san da wa kike faɗa?"

Ashe da yarinyar da na koya wa kimiyyar aji ukun da kaina nake, wadda ta zo ta ɗaya a shekarar. Ni da marigayiya mahaifiyarki kakanmu ɗaya, tabarma ɗaya muka kwana a gidan Goggo, ga shi na tsaya gaban jama'a na mayar da ɗiyarta abin dariya. Na goge amsar, amma na san gogewa ba ta mayar da abin da ido ya riga ya gani.

Ina neman gafararki a kan yadda na faɗa. A kan abin da na faɗa kuwa, ina nan inda nake, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abu ɗaya ya hana ni sukuni: in lissafina daidai ne Nana Aisha ta cika wata tara. An yi mata allurar ƙyanda? Zafi ya kusa shigowa, kin san lokacinta ke nan.

Ki amsa mini ko da layi biyu ne, ko da zagi ne.

Innarki,
Asiya


Badariya, Birnin Kebbi,
Litinin, 11 ga Fabrairu, 2013

Inna Asiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah Ya sawwaƙe gwiwa. A gaida Goggo in an je.

Na karanta takardarki. Kin ce ba ki san ni ba ce. To da wata ce, Inna, da ya halatta? Ita ba ta da ɗa a ɗaki?

Tunda kin tambaya: a'a, ba a yi wa Nana ba, kuma ba za a yi ba. Watanta goma. Katinta na nan cikin akwati, layin ƙyanda fari fat.

Bari in gaya miki abin da ba ya cikin littafinki. Mujtaba zai cika shekara uku a wannan watan. Ba ya cewa Mama. Ba ya cewa ruwa, sai dai ya kamo hannuna ya ja ni har bakin randa ya ɗora shi a kan murfi, kamar hannun nawa wani ludayi ne. Yini yake yana jera marafan kwalba a gindin bango, in ɗaya ya goce ya yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. In aka tayar da injin markaɗe a bayan gidanmu yakan toshe kunne ya buga kansa a ƙasa. Likitan da muka gani a Sakkwato shi ya rubuta mana sunan abin, wato otizim. 'Yan unguwa kuwa galahanga suke ce masa, a gabana, suna tausaya mini da baki.

Yaron nan yana gwarancinsa, yana dariya. Na ɗauke shi da hannuna na kai shi aka yi masa allurar wata tara. Ya yi zazzaɓi. Daga nan na ga yana janyewa kaɗan-kaɗan, kamar ruwan fadama bayan damina, har ya ƙafe. Ni na gani, ba a waya na karanta ba. Abin da na karanta a waya kawai ya nuna mini cewa akwai dubban uwaye, har a ƙasar Turawa, da suka ga abin da na gani.

Uwar mijina cewa take iska ce, wai na bi ta bakin gulbi da almuru ina da cikinsa. Ƙannensa mata cewa suke daga danginmu ne. Shekara biyu ina haɗiye wannan. Ranar da na karanta labarin allura ita ce ranar farko da na ci abinci na ƙoshi. Yanzu kin zo kin ce ba allura ba ce. To in ba ita ba ce, Inna, ni ce?

Kin rubuto shafi guda cur, ba ki tambayi yadda yake ba. Sunansa kawai kika sa a gaisuwa.

Maki nawa na ci, Malama?

Rauda


Argungu,
Laraba, 13 ga Fabrairu, 2013

Ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin tasha. Lafiyarmu ƙalau. Ki shafa mini kan Mujtaba, in yana yarda a shafa. In ba ya yarda, ki gaya mini abin da yake so. Kin yi gaskiya, ban tambaya ba, kuma na ji kunya.

Ba ke ba ce. Zan sake rubutawa don ki gani da kyau: ba ke ba ce. Ba gulbi ba ne, ba almuru ba ne, ba wani abin da kika ci ko kika bari ba. Masu bincike ba su gama gano dalilinsa ba, amma abin da suka fi tabbatarwa shi ne yawancinsa halitta ce da yaro ke zuwa da ita tun daga ciki, kamar yadda wani ke zuwa bahago.

To me ya sa kika ga abin da kika gani? Don alamun sun fi fitowa tsakanin shekara ɗaya da biyu, lokacin da ake jiran yaro ya yi magana, kuma lokacin ya faɗo daf da na allura. Duk yaron da ya fara tafiya a garin nan an riga an yi masa askin suna. Askin ne ya sa shi tafiya? Labarin da kika karanta daga wani likita ɗan Ingila ya taso, da yara goma sha biyu kacal. Daga baya aka gano ya murɗe bayanan, mujallar ta janye rubutun shekara uku da suka wuce, aka kuma hana shi aikin likita. A wata ƙasa, Denmak, an bi yara fiye da rabin miliyan, waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba. Otizim bai fi yawa a cikin masu allura ba. Uwayen da kika karanta ba maƙaryata ba ne. Sun ga abu biyu a jere, suka ɗaura ɗaya a wuyan ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Kin tuna ƙaramar Sallar da na zo gidanku, Mujtaba yana wata bakwai? Saura wata biyu a yi masa allurar. Na ɗauke shi, na yi masa tafi, na kira sunansa ta dama, na kira ta hagu. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, fanka yake kallo. Na yi masa wasan ɓuya da mayafina, ko a jikinsa. Na goyi yara da yawa, Rauda, gabana ya faɗi. Amma ga ki kina murna, ga dangin mijinki cike da ɗaki, sai na ce wa kaina kila barci yake ji. Na ci tuwona na koma Argungu ban ce komai ba.

Ban faɗi wannan don in ci gardama ba. Na faɗa don ki san tun kafin allurar yana yadda yake, kuma hannunki da ya kai shi asibiti bai cuce shi ba.

Ki kai Nana. Don Allah ki kai ta.

Innarki,
Asiya


Badariya,
Talata, 26 ga Fabrairu, 2013

Inna,

Muna lafiya.

Kwana goma sha uku ina neman abin da zan ce miki. Kin gani kika yi shiru. Shekara biyu ina yawo da yaron nan daga mai tofi zuwa mai hayaƙi, kina Argungu da abin a cikinki. A Fesbuk bakinki bai yi nauyi ba, sai a ɗakina.

Ko kuma yanzu kika ƙirƙiro tunawar don ki karya ni. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ba zan yanke zumunci ba, saboda Mama. In za ki rubuto ki rubuto. Amma ga sharaɗina: kada in sake ganin sunan wata cuta, ko allura, ko asibiti, ko wata ƙasar Turawa a takardarki. In na gani zan mayar wa Maigandi ita ba tare da na ƙarasa ba. Ki ba ni labarin gida kamar kowace inna.

Rauda


Argungu,
Talata, 5 ga Maris, 2013

Ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum. Na gode da kika amsa. Na karɓi sharaɗinki, kuma na karɓi faɗan, don na cancanci fiye da haka. Ya yaran? Gwiwa da sauƙi.

Ga labarin gida. 'Yan ajina na shirin jarrabawa, sun sa ni gaba wai in faɗa musu tambayoyin da za su fito, kamar ni ce na rubuta su. Albasa ta yi kyau bana, hanyar Augie duk warinta. Maigandi ya ce in gaya miki shi ba gidan waya ba ne. Ya ce, "Malama, kuna da waya ku biyu kuna wahalshe ni, ko ni ma sai an toshe ni in huta?" Na sa masa marafan kwalba guda ashirin a leda, na tsinto su a shagon makaranta na wanke. Akwai ja, akwai kore. Ka ba Mujtaba, na ce, ba na sayarwa ba ne.

Sai magana ɗaya, ki karanta ta da kyau. Na je Augie ranar Lahadi. An yi baƙo a gidan Goggo tun ranar Juma'a, a ɗakin Fadimatu. Goggo ta hana a yi ta faɗa. Kin gane ai. Kada ki kai yaran can. Na roƙe ki, kada ki kai su.

Akwai sauran abin da nake so in ce, amma na yi alkawari.

Innarki,
Asiya


Badariya,
Asabar, 9 ga Maris, 2013

Inna Asiya,

Ban san ko lafiya muke ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin ce an yi baƙo a ɗakin Fadimatu. Mace mai tsohon ciki, an yi baƙo a ɗakinta ranar Juma'a, me kike so in gane? Na ce ta sauka, suna Juma'a mai zuwa. Da na kai inda kika ce kada in kai yaran, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce wato Inna ma kunyar Mujtaba take ji, kada ya yi ihu a taron suna ya ba dangi kunya. Na rantse sai na kai shi, a gan shi, kowa ya gan shi. Na gwada wayar Fadimatu ba ta shiga, kin san bayan fadamar nan ba sabis. Na sayi atamfa da sabulu da 'yan riguna. Jiya da safe na sa wa Mujtaba sabuwar shadda, na goya Nana, muka hau mota.

Tun daga ƙofar gida na ga ba tabarmi, ba rago, ba hayaƙin girki. Na ce kila mun yi sammako. Na shige ɗakin Fadimatu kai tsaye ina guɗa, ina "Barka, barka!" An rufe taga da buhu, ɗakin duhu. Na kwance Nana na zaunar da ita a bakin katifa ina lalubar ledar kaya. Sai na ji tari. Da idona ya saba, sai ga Fadimatu zaune da cikinta yadda yake, tana kallona kamar ta ga mahaukaciya. Ga 'ya'yanta, Usmanu da ƙanwarsa Umma, kwance, idanu jajur sun manne da kwantsa, jiki duk ƙuraje. Nana kuwa ta riga ta rarrafa ta kama yatsan Umma.

Goggo ta shigo da gudu, da ƙasar gona a ƙafarta. Ta ce, "Wa yac ce ki taho da jinjira? Ke ba a gaya maki baƙo ya sabka ba?"

Na ce, "Ai baƙon na zo gani, Goggo."

Ta dafe kai. "Wane irin baƙo? Baƙon dauro na, ɗiyar ga!"

Na ce, "Ƙyanda?"

Ta rufe mini baki da tafin hannunta. "Kak ki hwaɗi sunanai cikin gidan ga, shina ji."

Na suri Nana na fito. Amma mun fi minti ashirin a ɗakin nan, Inna. Na wanke ta da sabulun barkar tun a bakin rijiya, na sake wanke ta a gida. Mujtaba ko ihu ɗaya bai yi ba, yana tsakar gida yana kallon zabi.

Ke malamar kimiyya ce. Ke kika tsaya gaban mata ɗari kina koyar da kiran abu da sunansa. Sai ki rubuto mini "baƙo" kamar tsohuwar ƙauye? Na san ni na kafa sharaɗin, ba sai kin tuna mini ba.

Yanzu Nana tana wasa, jikinta sanyi ƙalau. Sunusi ba zai dawo ba sai ƙarshen wata. Kada ki zo gidana, ba zan iya kallonki ba. Amma ki gaya mini: ta kamu?

Rauda


Argungu,
Asabar, 9 ga Maris, bayan azahar

Rauda,

Allah Ya tsare mana ita. Maigandi ya bar lodi ya tsaya a ƙofa yana jiran wannan, don haka ba dogon zance.

Ƙyanda ce. Na rubuta sunanta, ki yaga takardar bayan kin gama in kina so. Laifina ne. Na ji tsoron ki mayar da takardar ba ki karanta ba, na ɗauko kalmar Goggo ina ganin dabara na yi.

Wanka ba ya fitar da ita, ta iska take shiga. Jikinta da ke sanyi yau ba ya nuna komai, don takan yi kwana goma ko fiye kafin ta bayyana, wani lokaci har mako uku. Mujtaba an yi masa allura, da wuya ta taɓa shi. Nana ce ba ta da kariya, kuma 'yan ƙasa da shekara su ta fi kayarwa.

Amma akwai ƙofa ɗaya. Na kira wata ƙawata ma'aikaciyar jinya na tabbatar. In aka yi wa yaro allurar cikin kwana uku da haɗuwarsa da mai ciwon, sau da yawa tana hana shi fitowa, ko ya zo da sauƙi. Kin shiga ɗakin Juma'a da hantsi. Kwana uku na cika Litinin da hantsi. Gobe Lahadi ba sa yi. Litinin da safe ce kawai ta rage. Ki gaya musu inda kuka je tun daga bakin ƙofa, don kada a zaunar da ke cikin jarirai.

Ba zan zo gidanki ba, tunda kin hana. Zan nemi izini a makaranta, in tsaya a ƙofar ƙaramin asibitin unguwarku ranar Litinin tun ƙarfe bakwai da rabi. In kin zo ba zan ce uffan ba, zan riƙe miki Mujtaba kawai. Ɗiyarki ce, ke za ki yanke.

Innarki


Argungu,
Litinin, 18 ga Maris, 2013

Ɗiyata Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Ba gaisuwa ba ce kawai, da gaske nake tambaya.

Na tsaya a ƙofar asibitin har aka kira azahar. Duk mai goyo da ta ɓullo daga kwana sai gabana ya faɗi. Mai gadi ya gaji da ganina ya kawo mini benci, ya ce, "Hajiya, ke ce marar lafiyar ko jira kike a kawo shi?" Ba ki zo ba. Na taka har bakin layinku, na hango ƙofarki, na tuna alkawari, na juya.

Yau kwana goma. Ɗazu na rubuta tambaya a allo na tsaya ina kallonta, na manta amsar. Maigandi ya ce ya buga ƙofarki sau biyu, ya ji motsi a ciki, ba a buɗe ba.

Akwai labarin da dole ki ji, kuma ba don in tsorata ki nake faɗa ba. An kawo yaran Fadimatu asibiti a nan Argungu. Usmanu ya tashi, yana shan kunu. Umma abin ya sauka mata a ƙirji. Allah Ya yi mata rasuwa ranar Alhamis. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan sake yi miki wa'azi ba, lokacin wannan ya wuce. Ki kula da waɗannan kawai: zazzaɓi, tari, jan ido, mura. In kin ga ko biyu daga ciki, kada ki jira ƙuraje, kada ki rufe ta a ɗaki, ki kai ta asibiti a take. Ki aiko mini ko da kalma ɗaya ce a bayan wannan takardar.

Innarki,
Asiya


Badariya,
Asabar, 30 ga Maris, 2013

Inna Asiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mu duka uku, kuma wannan karon da gaske nake faɗa. Ya haƙurin Umma? Allah Ya sa mai ceto ce, Ya ba Fadimatu dangana. Na yi kuka har Mujtaba ya zo ya tsaya a gabana yana kallon haɓata.

Na kai ta, Inna. Tun ranar Litinin ɗin.

Na fito ƙarfe bakwai da kwata, na hango ki daga nesa da jan mayafinki, kina dafe da gwiwa. Na ja na tsaya. Na san in na zo ba za ki ce komai ba, amma fuskarki za ta ce. Sai na tsayar da mai keke na ce ya kai mu asibitin unguwar Nassarawa. Na gaya musu inda muka je, suka shigar da mu ta ƙofar baya. Ma'aikaciyar ta buɗe katin ta ce, "Wata goma sha ɗaya? Ina kika shiga?" Na ce nan nake. Da ta zuƙo ruwan allurar sai na riƙe mata hannu. Ta dube ni, ta dubi Mujtaba da ya toshe kunnuwansa a lungu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sai kin ce bismillah zan yi." Mun fi minti biyar a haka. Ni na ce bismillah.

Nana ta yi kuka kaɗan, ta kama biron matar ta kai baki. Ni kuwa sai da aka ba ni ruwa.

Ki yafe mini tsayuwar da kika yi. Ki yafe mini shirun kuma. Na ji bugun Maigandi. Ban iya buɗe baki in ce na yi ba, sai na ga ƙarshensa. A kwana na takwas da allurar jikinta ya yi zafi, daidai ranar da takardarki ta rasuwar Umma ke hannuna. Ban san wanne nake tsoro ba, ƙyandar ko ɗayan. Na koma wurin matar a guje. Ta duba ido, ta duba baki da bayan kunne, ta ce zazzaɓin allura ne, yakan zo haka. Kwana biyu ya sauka. Jiya aka cika mako uku da shigarmu ɗakin nan. Ba tari, ba ƙurji ko ɗaya. Sunusi ya dawo jiya, na gaya masa komai, ya zauna ya ɗora Nana a cinyarsa.

Kada ki ɗauka kin ci gardama. Na sake karanta takardarki ta askin suna ya fi sau goma, kaina ya yarda, cikina bai gama yarda ba. Maganar Sallar nan ma ban gama yafe miki ba, amma na daina cewa ƙirƙira kika yi. Na tuna fankar. Ni ma na gani a lokacin.

Mujtaba ya ware jajayen marafan ya jera su daban, korayen ya zuba su a takalmin babansa. In za ki zo, ki zo ranar da ba a markaɗe, wato Juma'a. Kada ki yi masa tafi. Ki zauna a ƙasa kusa da shi ki yi shiru, in za ki iya.

Na cire rubutuna daga Zauren, amma ya riga ya yi nisa, har yanzu ina ganinsa yana yawo da sunan wasu. Shekaranjiya wata da ban sani ba ta rubuto mini a ɓoye daga Jega. Ta ce ɗanta ya cika wata tara, ta karanta abin da na rubuta, ta fasa kai shi, yanzu kuma ta ji ƙyanda ta shigo garinsu. Ta ce, "Uwar Biyu, ke kika san zafin abin, me zan yi?" Na fara kwafo mata bayaninki, na goge. Na rubuta nawa, na goge, har sau huɗu. A ƙarshe ga abin da na aika mata:

"Ni na rubuta wancan, kuma ban da hujja a kansa sai baƙin cikina. Ɗana yana nan yadda yake, ina son sa. Ƙanwarsa kuwa na kai ta an yi mata. Ina jin tsoro na kai ta. Ki kai naki gobe."

Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna.

Ɗiyarki,
Rauda